Akwatin Wasiƙa A Kan Tudun Dartmoor

Mutumin Malam Inna ta Gombe, wanda idonsa ya saba da faɗin ruwan Dadin Kowa, in aka kai shi tafkin Cranmere a kudu maso yammacin Ingila, sai ya ce ba'a aka yi masa. Ɗan kwari ne mai taɓo a kan tudun Dartmoor, ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙar kuza, kamar yadda aka yi a Jos. Masu haƙa sun watse, sun bar ramuka da kangaye.

Abin da ke jan mutane can akwati ne. A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba cikin tsibin duwatsu, don duk wanda ya iso ya bar katinsa shaida. A 1937 aka gina akwatin dutse a wurin. Cikinsa akwai littafi da hatimi: baƙo ya sa hannu, ya buga hatimin a nasa littafin. Waɗansu kan bar wasiƙa, mai zuwa a baya ya ɗauka ya kai gidan waya.

Ba mai gadi, ba mai lura. Amana ce kurum ta riƙe al'adar, har ta bazu zuwa Amurka. Amma hanyar ba ta wasa ba ce. Hazo kan rufe tudun farat ɗaya, taɓo na kama ƙafa, kuma soja kan yi atisayen harbi a wajen. Ranar da aka ɗaga jar tuta, ba mai shiga.