Abin da yaro ke kallo cikin salula

Zan ba ku labarin abin da ya same ni da ɗiyata. Wataƙila a gidanku ma akwai irinsa.

Ɗiyata tana da shekara 7 lokacin da ta shiga lekol, aji na farko, wanda ake ce ma CI. Ni kuwa a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Ina son in taimake ta, amma da me?

Wata rana maƙwabciyata ta ce mini akwai bidiyo na karatun yara, ana zuba su cikin salula. Sai na ɗauki kat memwar na tafi kasuwa, wurin wani yaro mai cajin salula da tura waƙoƙi. Na ce masa: "Ɗana, zuba mini na karatun yara." Ya ce: "To, Inna." Na biya dala 40, ya cika mini kat ɗin taf.

Na koma gida ina murna. Kullum da marece, in zan tuƙa tuwo, sai in miƙa mata salula. Ta zauna shiru, ba kuka, ba ƙiriniya. Ni kuwa ina cewa a raina: ai na samu malami a gida kyauta.

Bayan wata 2 mushe ya aiko kirana. Ya tsayar da ita gaban tablo. Ya nuna A, ta ce "e". Ya nuna E, ta ce "i". Ya nuna I, ta ce "ai". Ya dube ni ya ce: "Hajiya, wa ke koya mata haka a gida?" Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na miƙa masa salula.

Da ya duba, ashe bidiyon karatun duk na Ingilishi ne. Baƙaƙen iri ɗaya ne da na Faransanci, amma ba haka ake kiran su ba. Yarinya ta ji wani abu da safe, ta ji wani da marece, kanta ya ruɗe. Kuma na karatun ba su fi 4 ba. Sauran duk ƴan tsana ne suna dambe, da fim ɗin soyayya na manya.

Laifin wa? Da farko na so in ɗora ma yaron kasuwa. Amma shi abin da ke gare shi ya zuba. Ni ce na yi cinikin biri a sama, na ba ɗiyata abin da ban duba ba.

Mushe bai ce in hana ta kallo ba. Ya ce koyar da yara da hoto mai motsi ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1964 aka fara lekol ta telebijin a ƙasarmu, ana shirya darussa a Yamai. Yara su kalli darasi gajere cikin aji. In ya ƙare, mai kula da aji ya yi musu tambayoyi, ya sa su aiki. Ka ji, ba a bar yara su kaɗai da tele ba.

Shekarar nan na shiga karatun yaƙi da jahilci. Yanzu ina karanta sunan bidiyo kafin in buɗe shi. Ga yadda nake yi, ko zai amfane ka.

Na farko, harshe. Je ka tambayi malamin ɗanka da wane harshe ake fara karatu a ajinsu. Akwai lekol da ke farawa da Hausa. An buɗe ta farko a Damagaram a 1973. Akwai masu farawa da Faransanci. Nemi bidiyo na harshen da yaro ke karatu da shi. Duba baƙin C: a Hausa shi ne na "ciki" da "cokali", a Faransanci kuwa "se" ake ce masa. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, sai a bidiyon Hausa za ka same su.

Na biyu, faɗi ainihin abin da kake nema. Kada ka ce "na yara" kawai. In salularka tana da intanet, buɗe YouTube ka rubuta "koyon baƙaƙen Hausa" ko "ƙirga na yara". Na Faransanci kuwa, mushe ya rubuta mini kalmomin a takarda, na kwafa baƙi bayan baƙi. Haka na samu wani shiri mai suna Akili and Me. A Tanzaniya ake yin sa, kuma an mayar da shi cikin Hausa. Yana koya ƙirga da launi da zaman lafiya da abokai. In ka samu mai kyau, sauke shi cikin salula sau ɗaya, kada kuɗinka su ƙare wajen sayen kredi.

Na uku, kalle shi da kanka, tun daga farko har ƙarshe. Mai kyau yana magana sannu a hankali. Yana koya abu ɗaya, yana maimaitawa. Yana tambaya, ya dakata yaro ya amsa. Wanda duk kiɗa ne da ihu da guje-guje, share shi.

Na huɗu, zauna kusa da yaro. Bidiyo 1 ko 2 sun isa. In an gama, kashe salula, ka sa ta aljihu. Ce masa ya zana baƙin da ya gani a ƙasa da tsinke. Ba shi tsakuwa ko gyaɗa ya ƙirga. In ya iya, bidiyon ya yi aiki. In bai iya ba, kallo kawai ya yi. Ka lura da ƙannensa ma. A 2019 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawara: yaron da bai kai shekara 2 ba, kada a zaunar da shi kallo. Mai shekara 2 zuwa 4 kuwa, kada ya wuce awa 1 a yini.

Na san ba kowa ke da intanet ba. A ajinmu mu 3 ne kawai ke da ita. Mu muke saukewa, malama ta duba, sa'an nan mu tura ma sauran. Wanda ba shi da salula kuwa, kada ya damu. Allo da alli da babba mai haƙuri sun fi bidiyo ɗari.

Ɗiyata ta ɗauki kusan wata 3 kafin bakinta ya bar "e, bi, si". Yanzu tana CP. Da dare mukan shimfiɗa tabarma, ita da littafinta, ni da nawa. Shekaranjiya na rubuta b a wurin d, ta ce: "Inna, cikinsa ba nan yake ba." Na yi dariya, na gyara.

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, tun da Allah ya sa ka iya karanta wannan takarda, ka iya karanta sunan abin da ɗanka ke kallo. Yau da dare karɓi salular ka duba. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.