Kasat biyu, ƙungiya ɗaya

A shekarar 1987, ina ajin ƙarshe na lise a Damagaram, wani malaminmu na ingilishi da zai koma ƙasarsu ya bar mini kasat biyu. Duka biyun na ƙungiya ɗaya ne, Simple Minds, samarin birnin Glasgow da suka haɗu a 1977. Da na saurare su, sai na zaci an yi kuskure wajen rubuta suna.

Ta farko, Empires and Dance, ta 1980 ce. Kiɗa ne mai sanyi da duhu, irin wanda Turawa ke kira post-punk, wato abin da ya tsiro bayan ƙurar punk ta lafa. Jitar bas ta Derek Forbes ce ke jan ragama, tana maimaita zubi ɗaya kamar luguden mata a turmi, muryar Jim Kerr kuwa tana can baya kamar mai magana cikin rijiya. Faifan bai yi kasuwa sosai ba.

Ta biyu, Once Upon a Time, ta 1985 ce. Ganguna sun yi kauri, murya ta fito fili, amshi ya zama mai sauƙi yadda dubban mutane za su iya ɗauka a filin ƙwallo. Daga baya na ji abin da ya faru tsakanin biyun. An kawo musu waƙar Don't You (Forget About Me), wadda Keith Forsey da Steve Schiff suka tsara domin fim ɗin The Breakfast Club. Da farko sun ƙi, don ba tasu ba ce. Daga bisani suka yarda, ta kuwa hau matsayi na ɗaya a Amurka. A wannan shekara ce Forbes ya rabu da ƙungiyar.

Da zafin ƙuruciya na yanke musu hukunci: kwaɗayi mabuɗin wahala, sun sayar da muryarsu.

Bayan na zama malamin lakwal, muka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Wasanmu na farko, kan manomin da fari ya raba da gonarsa, ni na rubuta shi, na kuma zuba masa duk abin da ke cikina. Ƴan kallo ba su cika benci uku ba. Sai masu proje suka zo da kuɗi da jigonsu: rigakafi, tsabta, karatun ƴaƴa mata. Muka karɓa. Dandali ya cika, yarana suka sami na sabulu, kuma na ga uwayen da suka kai ƴaƴansu likita saboda wasanmu.

A nan na tuna cewa a watan Yuni na 1988 Simple Minds sun tsaya a filin Wembley sun rera Mandela Day, Mandela yana kurkuku, duniya tana kallo ta talabijin. Da sun zauna cikin duhun 1980, wa zai gayyace su can?

Duk da haka ban wanke su sarai ba, don ban wanke kaina ba. Na san ranar da na fara tambayar abin da mai biya yake so kafin in tambayi abin da nake son faɗi. Wasan manomin yana nan cikin akwati, tare da kasat ɗin biyu. Idan gida ya yi tsit da dare, ta farkon nake sakawa.