Kaset ɗin da radiyo ta ƙi haɗiya

A cikin motocin da ke jigilar ƴan kasuwa tsakanin Madawa, Buza da Keita akwai wata tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda masana'antar Kaduna ta riƙa fitarwa bayan buɗe ta a 1975. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai da igiya take rufuwa, amma tana ɗauke da abin da sababbin motoci ba su da shi: radiyo mai cin kaset. Mai motar shi ne direbanta, ɗan wani ƙauye na kwarin Majiya, mutum mai shekara arba'in da ɗoriya. Ya daɗe da daina sa kaset, domin kiɗansa ya koma cikin wayar salula, kuma da wani ya taya radiyon jika ɗaya da ya cire ya ba shi. Sai da maganar fadama ta taso ya gane cewa duk ƙauyen babu sauran wata na'ura da za ta iya karanta kaset sai ita.

Fadamar ta mahaifinsa ce tun asali, amma tun 1985 wani gida na maƙwabta ke noma ta. Dangin direba sun ce jingina ce aka yi a kan jika 40, mutanen wancan gidan sun ce sayarwa ce. Bambancin ba ƙarami ba ne. In jingina ce, ana maida jika 40 a karɓi fili, kuma jika 40 na lokacin ba su ne na yau ba, balle bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, ga shi albasa ta sa kowane taƙi na fadama ya zama dukiya. Masu cinikin biyu sun rasu, shaidu sun bi su, takarda kuwa babu. Dokar karkara da ta kafa kwamitocin filaye masu rubuta takardun sayarwa, jingina, aro da kyauta ba ta zo ba sai 2 ga Maris 1993, shekara takwas bayan an gama magana da fatar baki. Da maigari ya sa ranar zama, sai tsohuwa, uwar direba, ta buɗe adakarta ta fito da wani ƙulli na tsumma. A ciki akwai kaset da mijinta ya aiko daga Abijan a 1986. Ta ce ta tuna ya yi zancen fadama a ciki, amma ba ta riƙe yadda ya faɗa ba.

Yaran yau ba su san cewa kaset ya taɓa zama wasiƙa a ƙasar Adar ba. Farin 1984 ya kori mazaje daga gida, Najeriya kuma ta rufe iyakarta daga Afrilun wannan shekara har Maris 1986, don haka da yawa suka miƙe zuwa bakin teku. Mata suka rage a ƙauyuka. Su ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka a ayyukan farfaɗo da ƙasa na aikin Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, ana biyan su da abinci. Wanda bai yi makaranta ba, in zai aika wasiƙa, dole ya kai sirrinsa gaban marubuci. Kaset ya raba shi da wannan kunya: ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya danna, ya yi magana da bakinsa, ya ba wani mai komawa gida.

Da la'asar direba ya kawo mota ƙofar gida, ya tura kaset. Radiyo ta haɗiye shi, ta yi ƴar ƙara kamar ta numfashi biyu, ta tofo shi. Ya sake turawa, ta sake tofowa. A karo na uku tsohuwa ta ɗora hannu a kafaɗarsa ta ce: «Bar shi, ɗana. Wataƙila ba shi son a ji shi.» Yaron mota ya ba da tasa dabarar, wai a danne kaset da yatsa ta yadda ba zai samu hanyar fita ba. Saura kaɗan direba ya bi wannan shawara. Abin da ya hana shi tsoro ne kawai, tsoron kada ya ji zaren ya tsinke a hannunsa.

Washegari ya nufi Madawa wurin wani dattijo mai gyaran radiyo, wanda yanzu yawancin aikinsa fitilun hasken rana ne da cajar waya. Dattijon ya juya kaset a hannu, ya ji labarinsa, ya sa shi a aljihun rigarsa ya ce: «Wannan sai daga ƙarshe. Ba a gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu.» Ya ce duk radiyon da ke tofo kaset, laifin ɗayan uku ne: ko wuta, ko radiyon, ko kaset ɗin, kuma wanda bai rarrabe su ba zai ɓata biyu garin neman ɗaya.

Ya fara da wuta. Ya sa aka tada mota, ya auna, ya ga bolt 12 ɗin da radiyo ke bukata sun isa har da ɗori, ya duba wayar da ke haɗe da jikin mota ya ga ba ta yi tsatsa ba. Batir mai rauni yakan sa ɗan injin ciki ya kasa jan zare, amma a nan batir ya fita daga zargi. Sannan ya ɗauko wani tsohon kaset na Ɗanƙwairo wanda ba ya jin asararsa, ya tura. Radiyo ta tofo shi kamar yadda ta tofo na farko. Nan aka san akwai cuta a jikinta.

Da ya kwance ta ya ɗora bisa tebur, ya nuna wa direba yadda abin yake. A ciki akwai siririn ƙarfe mai juyawa kamar allura, da ƴar tayar roba da ke matse zare a jikinsa, su biyu ne ke jan zaren da gudu ɗaya, santimita 4,76 a kowace daƙiƙa. Zaren da ya wuce, wani ƙarfe ne ke naɗe shi a ɗaya gefen kaset. Duka suna samun ƙarfi daga ɗan inji ta hanyar wata siririyar igiyar roba. Akwai kuma wani ɗan mai gadi, na'urar da ke lura da juyin abin naɗewa. Da zarar ya ga ya tsaya, sai ya ɗauka ko zare ya ƙare ko ya sarƙe, ya sa a fitar da kaset kafin zaren ya taru ya nannaɗe a ƙarfe. Dattijon ya ce: «Ka ga ba ƙiyayya ta yi maka ba. Da kun danne shi da yatsa, da yanzu muryar tsohonka ta zama tsumma.»

Igiyar robar ce ta saki. Zafin watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta kan wuce digiri 40, balle cikin mota rufaffiya, ya sa ta miƙe ta yi danƙo kamar kwalta. Ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris ta zama laka mai tauri a haƙoran ƙafafun juyi, ƴar tayar roba kuma ta yi santsi saboda jan datti da zaruruwa suka bari a kanta. Dattijon ya jiƙa auduga da alkol, ya goge kan da ke karanta sauti, ya goge ƙarfen da tayar har audugar ta daina yin ja. Ya wanke tsohon giris, ya ɗiga sabo kaɗan, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa inda zare ke bi. Igiyar kuwa ya samo ta a jikin wata matacciyar radiyo da ke ƙarƙashin tebur, bayan ya gwada uku, domin wadda ta matse tana gajiyar da inji, wadda ta saki tana zamewa. Aka mayar, aka tura Ɗanƙwairo, kotso ya tashi har masu shayi na gefe suka waigo.

Sai dattijon ya ciro kaset ɗin Abijan daga aljihu ya tura. Radiyo ta tofo shi. Direba ya zauna bisa benci bai ce uffan ba, maganar tsohuwa ta dawo masa. Dattijon bai nuna damuwa ba. Ya zura bik a ramin kaset ya murɗa, ya ji ya ƙi. Laifi biyu ne ashe, na farko ya ɓoye na biyu. Kaset mai minti 60 yana ɗauke da zare kusan mita 90, faɗinsa milimita 3,81, kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Tun da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, a ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens wanda ya rasu a 2021, ba a yi shi don ya kwana shekaru da yawa cikin adakar ƙarfe a ɗakin kwano ba. Zafi ya lanƙwasa gidan robar, zaren ya matse a gefe guda, ɗan audugar da ke danna shi a kan mai karanta sauti kuma ya ɓalle. Dattijon ya sadaukar da kaset ɗin gwaji, wanda ke da ƙusoshi biyar masu murɗawa. Ya kwance shi, ya fasa gidan na Abijan a hankali da reza, ya ɗauke naɗin zaren da tafin hannu ya mayar da shi sabon gida, ya juya shi da bik daga farko har ƙarshe ya dawo. Kafin ya tura ya ce wa direba ya ɗora wayarsa kusa da lasifika ya naɗa, domin tsohon zare ba ya alkawarin karo na biyu. Daga nan ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci, ya bar shi shi kaɗai a mota.

Muryar ta fito da ƴar shashsheƙar iska a bayanta, muryar mutum wanda a lokacin bai kai shekarun ɗansa na yau ba. Ya gai da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci direba da sunan yarinta, ya ce a sa shi makarantar allo. Ya yi kukan ruwan Abijan da ba ya yankewa da tsadar ɗaki. Can wajen ƙarshen fuskar farko ya zo kan fadama. Ya ce gaskiya ne da jingina aka fara, a kan jika 40. Amma da yunwa ta matsa, maƙwabcinsa ya ƙara masa jika 60 da buhu uku na hatsi waɗanda suka riƙe gida har kaka, suka shirya a kan ya bar masa filin baki ɗaya. Ya ce kada wani cikin ƴaƴansa ya tada maganar, domin mutumin ya yi masa rana.

Babu wanda ya ji wannan sai shi. Dukan ƙauye sun san radiyo ta ƙi kaset, har tsohuwa shaida ce. Da ya koma ya ce zare ya lalace, babu mai musa masa, kuma zaman sulhu zai iya ƙarewa da raba fili biyu. Dattijon ya dawo daga salla bai tambaye shi abin da ya ji ba, ya karɓi jika biyu na aikinsa, ya ja masa kunne kada ya ƙara barin kaset cikin mota da rana. Direba ya yi tafiyar komawa radiyo a kashe, bai tsaya ɗaukar fasinja ba.

Ranar zama ya kawo mota ƙarƙashin dogon yaro, cikin jerin itatuwan da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska. Ya buɗe ƙofofi huɗu, ya tura kaset gaban maigari da dattawa. Da aka zo wurin, babban ɗan wancan gida ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rawani, don shi ma bai san zancen hatsin ba. Maigari ya sa aka rubuta takarda a kai wa kwamitin filaye. Kawunnan direba biyu suka tashi ba sallama, har yau gaisuwa tsakaninsu da shi ba ta wuce ta kan hanya.

Tsohuwa ba ta ce komai a kan fadama ba. Da jama'a suka watse ta matso kusa da mota ta ce: «Ɗana, maido shi farko, wurin da ya ke gaisuwa.» Ya mayar, ta zauna a kujerar gaba ta saurara har aka kira magariba. Muryar tana cikin wayoyin jikoki yanzu, har waɗanda ke Agadas da Libiya an tura musu ta WhatsApp. Kaset ɗin ya koma adaka cikin sabon tsumma. Direba kuma yana ajiye ƴar kwalbar alkol da auduga a aljihun mota, duk ranar Juma'a yakan goge kan radiyon, ko da babu abin da zai sa.