Mu 'Yan Arba'in Zuwa Sama, Mu Je A Auna Mu

Duk mai bibiyar Facebook a 'yan watannin nan ya san abin da zan faɗa. Da wuya mako ya wuce ba ka ga hoton wani a gadon asibiti ba, ga lambar asusun banki a ƙasa, ana neman taimakon kuɗin wankin ƙoda. Ko kuma sanarwar rasuwa "bayan gajeriyar rashin lafiya". Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne shekarunsu. Sa'o'inmu ne fa, masu yara a firamare da sakandare, waɗanda gida biyu ko uku ke ci daga aljihunsu.

Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma da yawan "ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki" da muke ɗora wa iska ko sammu, hawan jini ne da ya shekara yana aiki a ɓoye. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum ɗaya cikin manya uku a duniya na da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba. Dalili kuwa, galibi ba ya ciwo. A hankali yake taurara jijiyoyin jini, ya gajiyar da zuciya, ya lalata ƙananan jijiyoyin da ƙoda ke tace jini da su. Kana kasuwa kana ciniki, shi yana nasa.

Ni shekarata 48, kuma duk farkon wata sai na tsaya a kemis an auna ni. Bai kai minti biyar ba. In awo ya riƙa nuna 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, to lokacin ganin likita ya yi, ba na jiƙe-jiƙe ba. Wanda aka ɗora wa magani kuma, don Allah kada ya ajiye don ya ji garau. Maganin ne ya sa ya ji garau ɗin. Na san magani ya yi tsada, wallahi na sani, amma a tambayi mai zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako ya faɗi nasa lissafin.

Sai batun tukunya. Gishirin da hukumar ta ce kada babba ya kai a rana giram 5 ne, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mu kuwa ga gishiri a miya, ga ɗunƙule uku ko huɗu, ga kanwa, sannan a barbaɗa yaji a kai. A gidana mun rage ɗunƙule mun ƙara daddawa da albasa da citta. Yara sun yi ƙorafin mako biyu, daga baya harshe ya saba.

Tafiyar ƙafa ma magani ce: minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ba sai da kayan motsa jiki ba. Sallama mai adaidaita kafin unguwarku, ka ƙarasa da ƙafa. Iyayenmu mata da ke wuni a cikin gida, su ma a sama musu hanya, ko zagayen tsakar gida ne. Sannan a yi hattara da haɗin maganin ciwon jiki da ake sha kullum bayan aiki, irin su diclofenac da ibuprofen. Yawan shansu na ɗaga jini, yana kuma taɓa ƙoda.

Na ƙarshe, in baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, a nufi asibiti nan take. Kada a ce bari a ga wayewar gari.

Yaushe rabon da a auna ka? Ke fa, Hajiya? In ka kasa tunawa, gobe ka je, ka ja matarka ko yayanka ku tafi tare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu ga auren jikokinmu da ƙafarmu.