Tabon sallah a jikin fosta

Jiya da yamma na je karɓar katin ɗaurin auren ƙanwata a shagon wani abokina mai buga fosta. Na same shi a gaban kwamfuta yana gyaran fuskar wani ɗan takara. Ina tsaye ya rage masa tumbi, ya goge ƙurajen kumatu, ya ƙara wa fata haske. Da ya zo kan tabon sallar da ke goshi kuwa, sai ya ƙara masa duhu.

Na ce, "Kai dai ka ji tsoron Allah."

Ya yi dariya. "Haka yaran mai gidan suka ce a yi. Ni nawa aiki ne."

Sai na tuna da hoton Churchill, wanda ya haɗe rai kamar zai ci babu. Yousuf Karsh ne ya ɗauka ranar 30 ga Disamba 1941 a Ottawa, babban birnin Kanada. Churchill ya gama yi wa majalisa jawabi, ya zo da sigari a baki, ya ƙi ajiyewa. Karsh ya matso ya zare sigarin daga bakinsa, ya koma ya danna kyamara. Fuskar da duniya ta ɗauka a matsayin ta mutumin da ya ƙi rusuna wa Hitler, wallahi fushin an ƙwace masa taba ne. A zaman nan an ɗauki wani yana murmushi, amma wa ya damu da shi? Na fushin ne ke kan takardar fam 5 ta Ingila tun 2016.

Mu ma haka muke. Yawancinmu bayan 1966 aka haife mu, amma a ce Sardauna, rawanin nan na kan naira 200 ne zai faɗo mana a rai. Shi dai da sauƙi, ayyukansa na nan, ga jami'ar Zariya ana gani. Damuwata waɗanda ba mu san komai nasu ba sai fuska.

Yau da safe na kai Hajiyarmu asibiti. A shataletale ta hango tsohuwar fostar mutumin nan, mai irin gyaran jiya, ta ce, "Wannan da gani mai ibada ne, irinsu ya kamata a zaɓa."

Na ba ta labarin abin da na gani. Ta yi shiru har muka wuce fitila, sannan ta ce, "To ai ƙila dai yana sallar."