Sandar da Ke Bayan Ƙofa

A gidanmu na Sabon Gari, cikin garin Keffi, akwai wata sandar kurket da ta shekara goma sha biyar jingine a bayan ƙofar ɗakin mahaifiyata. Tawa ce. Malamin wasanninmu na sakandare ne ya ba ni ita, ranar da ya lura cewa hannuna ya faɗa da duka fiye da na sauran 'yan ajinmu. Shi ya koya mana cewa 'yan wasa goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kuma aikin mai duka shi ne ta tsare karare ukun da ke bayanta, kada mai jifa ta kayar da su, sa'an nan ta nemo maki da gudu.

Da na kai ajin ƙarshe, sai aka gayyace ni gwaji a Abuja. Na durƙusa gaban mahaifina da takardar a hannu. Bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya kurum ya yi mini: "To, idan kin iya, wa zai riƙa biyan ki?" Na rasa amsa, domin kuwa a wancan lokaci ban san mace ko ɗaya da take ci da wannan wasa ba. Haka na jingine sandar, shekara na zagayowa aka ɗaura mini aure.

Ashe duniya tana shirin sauyawa. A 2014 hukumar kurket ta Ingila ta fara ba 'yan wasanta mata kwantaragin albashi. A 2023 Indiya ta buɗe gasar ƙwararru ta mata, inda aka sayi Smriti Mandhana a kan rupi miliyan 34. A nan gida ma, 'yan matan Nijeriya sun ciyo lambar tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Ghana cikin Maris 2024. Sai kuma Janairu 2025, lokacin da 'yan ƙasa da shekara 19, ƙarƙashin jagorancin Lucky Piety, suka doke New Zealand da maki 2 kacal a gasar duniya a Malesiya.

Tare da 'yata muka ga wannan labari a waya. Kwana biyu bayan haka muka je gaida su Inna, sai na tarar da ita a tsakar gida, ta ɗauko sandar, tana dukan ƙwallon tsumma. Gabana ya faɗi, don yadda ta riƙe ta, haka nake riƙewa.

Gaskiya ita ce tambayar Baba ba ta mutu ba. Keffi ba Indiya ba ce. 'Yan wasan da na sani, karatu ko wata sana'a ce ke riƙe da su, kuma ciwon gwiwa ɗaya na iya raba mace da fili har abada. Ga bakin mutane, ga batun aure. Amma kuma na san ɗacin hanawa, tun da na sha shi.

Na shawarci maigidana, muka yanke cewa za ta riƙa zuwa atisaye Abuja ranar Asabar, ni ce 'yar rakiya, cikin suturar da ta dace, bisa sharaɗin duk zangon da sakamakonta ya yi ƙasa, an rufe maganar. Da na kai wa Baba labari, ya daɗe shiru, sa'an nan ya dubi jikarsa ya ce, "Amarya, ɗauki sandar uwarki ki tafi da ita, ta isa haka da zaman bayan ƙofa."

Ko za ta ci abinci da kurket, Allah ne masani. Kuɗin motar Asabar mai zuwa dai na riga na ware.