Ranar da Na Je Neman Kogon Aljani a Laranto

Tun ina ɗan shekara bakwai akwai wani kogo da ya hana ni fita tsakar gida da dare. A cikin wani fim na gan shi, irin finafinan nan na aljanu da ake sayarwa a faifan sidi, waɗanda mukan taru a ɗakin mahaifiyarmu mu kalla idan an kawo wuta. Labarin wani maharbi ne da aljani ya sace wa ƙanwa, ya bi sawu har ya isa gindin wani dutse, dutsen ya tsage gida biyu, hayaƙi ya turnuƙe, wata murya ta kira sunansa sau uku. Na manta sunayen 'yan wasan, na manta yadda aka ƙare, amma ƙofar kogon nan ba ta taɓa barin kaina ba.

Sai a hutun ƙarshen shekarar 2023, bayan na dawo gida Jos daga makaranta, na san cewa ƙofar da ta hana ni barci a gidanmu aka ƙera ta. Muna cin tuwon dare nake ba da labarin wata lacca da aka yi mana a kan fim da adabi, inda malaminmu ya ce a wasu ƙasashe mutane kan biya kuɗi a zagaya da su wuraren da aka ɗauki finafinan almara. Na kawo zancen kogon a matsayin misali. Mahaifiyata ta yi dariya har ta ajiye cokalin miya, ta ce, "Kai da kogonka! Ai kawunka ne ya yi ƙofar da katako, a nan zauren ta kwana biyu tana shan iska."

Abin da malaminmu ya faɗa gaskiya ne, na kuma bi diddiginsa daga baya. A ƙasar Niyuzilan akwai wata gona kusa da garin Matamata inda aka gina ƙauyen gajerun mutanen nan na finafinan The Lord of the Rings, waɗanda suka fito tsakanin 2001 da 2003. Daga baya aka sake gina ƙauyen da kaya masu ƙarko, ya zama wurin da ɗan jagora ke shiga gaba, baƙi na biye da shi. A birnin Dubrovnik na ƙasar Kuroshiya haka ake bin tsohuwar ganuwa ana nuna inda aka ɗauki Game of Thrones. Wanda ya fi kama da mu shi ne Ait Ben Haddu na ƙasar Maroko, domin garin ƙasa ne jawur irin ginin kakanninmu, kuma a can aka ɗauki wani sashe na Gladiator na shekarar 2000. Sai na tambayi kaina, mu da muke da duwatsun da ko'ina ka juya sai ka ga kamar wani ne ya ɗora su da hannu, wa zai zagaya da mu?

Domin kuwa Jos ba baƙuwa ba ce a harkar fim. A nan hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, a nan kuma Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take tun 1995. Hukumar ce ta mayar da wasan kwaikwayon nan da muke nazari a aji, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, ya zama fim a farkon shekarun 1990, Brendan Shehu ya ba da umarni. Kafin nan an ɗauki shirin talabijin na Cock Crow at Dawn a wannan yanki a shekarun 1980, Turawa kuma suka zo Toro, nan kusa da mu a jihar Bauchi, suka ɗauki Mister Johnson da ya fito a 1990. Masu finafinan Hausa sun daɗe suna zuwa ɗaukar waƙa a duwatsun Shere da magangarar ruwa ta Assop. Da aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida a Kano a 2007, sai da yawansu suka kwaso kyamarorinsu suka yo Kaduna da Jos. A wannan tsakanin ne kawuna, wanda kafinta ne a kasuwar Katako da ke Laranto, ya samu kansa cikin sana'ar da bai koya ba, wato ƙera fada da kurkuku da ƙofar kogo, da kuma nuna wa daraktoci inda dutse mai ban tsoro yake.

Da na roƙe shi ya zagaya da ni, ya daɗe bai amsa ba. Daga baya ya ce in zo ranar Asabar bayan asuba, in sa takalmi mai igiya, in kuma riƙo kuɗin shayi da goro. Wannan shi ne ladan jagoran nawa gaba ɗaya.

Sanyin Jos na watan Disamba ba sai an ba mai karatu labari ba. Muka fara da kasuwar Katako, masu injin yanka katako ba su ma buɗe ba. Kawu ya tsaya gaban wata rumfa da ba tasa ba, ya nuna da sanda ya ce a nan tasa take a da. A nan ya yi ƙofar, da falle biyu na filawud, ya kwaɓa yashi da gam ya shafe su, sannan ya bi da fenti ruwan toka da baƙi har suka ɗauki kamannin dutse. Na tambaye shi ko yana da hotonta. Ya ce yana da su cike da ambulan, har da wanda ya ɗauka da jarumin fim ɗin, amma duk sun tafi tare da rumfar a rikicin ƙarshen watan Nuwamba na 2008, lokacin da wuta ta cinye kasuwar. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba, ni ma ban tona ba.

Daga nan muka gangara cikin gari. Na zaci kogon za mu fara zuwa, tun da mahaifiyata ta ce a duwatsun bayan Laranto yake, amma Kawu ya ce kogo sai la'asar, yana da dalili. Muka bi ta Kwararafa, unguwar da gidan silima ya bai wa suna, ya nuna mini inda suke yin layi suna samari don kallon finafinan Indiya. A ganinsa a can masu fim ɗinmu suka koyi cewa aljani ba ya fitowa sai da hayaƙi. Muka wuce kangon babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002, ba mu tsaya ba.

Bari in ɗan ratse a nan saboda 'yan'uwana ɗaliban harshe. Duk tsawon tafiyar nan ina cewa "fim ɗin almara", Kawu kuwa bai taɓa amfani da kalmar ba. Shi "fim ɗin aljanu" yake cewa, ko "fim ɗin dodo", idan kuma akwai sarki da gimbiya a ciki sai ya ce "na zamanin da". Mu a aji mun raba tatsuniya da almara da hikaya da ƙissa da tarihihi, kowanne da ma'anarsa, muna kuma cin maki da su. Amma mutanen da suka yi aikin da hannunsu da abin da zai fito a allo suke raba finafinan, domin shi ke nuna musu kayan da za su tanada. Ina ganin duk mai son yin kundin kammala digiri a kan kalmomin masu fim, gara ya fara da kafintoci da teloli da masu kwalliya kafin ya je wurin darakta.

Wajen ƙarfe goma muka isa gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda ake ajiye da kawunan yumɓu na Nok. Ba su muka zo gani ba. Can gefe akwai filin da ake kira MOTNA, wurin adana gine-ginen gargajiya na Nijeriya, wanda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi wa hidima. A filin an kwaikwayi ganuwar Kano da fadar Katsina da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ina shiga wani soro na tsaya cak, domin na san wurin tun kafin in taɓa zuwa. Fadar sarkin aljanu ce. Ga bakan gizon da ke riƙe da rufin, ga ƙofar da kuyangi suke fitowa. Kawu ya nuna inda ya kafa karagar mulki, wadda ya yi da akwatunan sabulu aka lulluɓe da ƙyallen labule. Wato dai ginin da aka yi don a kwaikwayi na Zariya da Katsina, shi aka sake sa wa kaya ya kwaikwayi ƙasar da babu ita.

A nan ne ya warware mini yadda aka ɗinka fim ɗin. Kogon yana Laranto, fadar tana nan tsakiyar gari, tafkin da maharbi ya haye a bayan kada kududdufi ne na tsohuwar haƙar kuza a wajen Rayfield, ruwan da ke zubowa daga sama kuma a Assop yake, tafiyar fiye da awa guda a mota. A cikin fim ɗin, maharbi ya shiga kogo, ya yi taku uku, sai ga shi a fada, ya leƙa taga ya hango tafki. Mu kuwa mun yi awa uku a ƙafa kafin mu haɗa biyu daga cikin huɗun. Ya kuma faɗa mini sirrin ɓacewar aljani, wanda ba komai ba ne illa a tsayar da kyamara, ɗan wasa ya fice, a ci gaba da ɗauka. Hayaƙin ɗanyen ganye ne a kasko. Muryar da ta kira maharbi sau uku ta wani direba ce da aka sa ya cusa kansa cikin durom.

Mun yi azahar a cikin gari, muka ci masa, muka juyo. Ƙafafuna sun fara gaya mini gaskiya, shi kuwa tsoho ko a jikinsa. Muka wuce kasuwar, muka bi wata hanya ta wajen makarantar horar da limaman Katolika ta Saint Augustine, har muka zo wata 'yar gada a kan rafi. A nan Kawu ya tsaya, ya zauna a kan dutse, ya ciro wayarsa. Na ce, "Kawu, ko gajiya ce?" Ya ce, "A'a, ɗan nan. Iyakar jagorancina ke nan. Rabona da tsallaka gadar nan shekara goma sha biyar."

Duk wanda ya tashi a Jos bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ya san abin da yake nufi ba tare da an fassara masa ba. Babu shinge, babu allo, amma kowa ya san inda unguwarsu ta ƙare. Ni kaina da aka haifa a Laranto ban taɓa sanin abin da ke bayan gadar nan ba, kuma ban taɓa jin cewa na rasa wani abu ba. Ashe kogon da na yi shekaru ina tsoro bai kai tafiyar minti ashirin daga ɗakin da nake kwana ba.

Ba a jima ba sai ga wani dattijo ya gangaro daga tsallaken, da hular sanyi da ƙaramin gicciye a wuyansa. Tun daga nesa ya ɗaga murya, "Kafinta! Ashe kana da rai?" Kawu ya miƙe ya ce, "Mai Madubi, tsufa ya kama ka!" Shi ne mai riƙe allon da aka manna wa takardar azurfa don a haska fuskar 'yan wasa, kuma shi ya fara nuna wa Kawu dutsen. Sun yi ta gaisawa ta waya duk sallah da kirsimeti, amma ba su haɗu ido da ido ba sai ran nan. Na gaishe shi na ce, "Baba, ina wuni?" Ya ce, "Lafiya, yarona. Matata ya ce in kawo ku gida ku sha ruwa tukuna." Ɗalibin nahawu da ke cikina ya lura da wannan "ya" da aka bai wa mace, irin Hausar Filato da ba ta damu da jinsi ba, amma ran nan ban ji sha'awar gyara wa kowa magana ba.

Shi ya shiga gaba, muna biye. Mutane na kallonmu daga ƙofar gidaje, yana ce musu baƙinsa ne, 'yan fim. Ba zan ɓoye ba, gabana ya yi ta faɗuwa, kuma na ga Kawu yana yawan gyara hularsa. Muka sha ruwa a gidansa, matarsa ta kawo mana gwate, sannan muka hau duwatsun.

Kogon dai tsaga ce tsakanin manyan duwatsu biyu da suka jingina da juna, faɗinta bai fi mutum biyu su jera ba, zurfinta kuma taku shida ne, na ƙirga. Ciki kashin awaki ne da ledojin ruwa. Wani ya rubuta sunan ƙungiyar ƙwallon Arsenal da gawayi a jikin dutsen. Na tsaya ina jiran in ji wani abu, ko tsoro ko takaici, sai na ji dariya ce ke zuwa mini. Mai Madubi ya nuna inda aka kwantar da kyamara a ƙasa tana kallon sama, ya ce shi ya sa dutsen ya yi kama da zai taɓa gajimare. Na kwanta a wurin na duba. Wallahi sai ga kogona ya dawo.

Ina kwance suka fara gardama. Mai Madubi ya ce ta hagu aka kafa ƙofar, Kawu ya ce ta dama, shi da ya yi aikin. Kawu ya durƙusa yana laluben wata 'yar tsaga a gindin dutsen da yatsa, can sai ya ce in kawo hasken waya. Guntun katako ne da ya dusa a ciki ya zama marikin ƙofa, ya yi baƙi, da ƙusa 'yar inci huɗu ta yi tsatsa a jikinsa. Ta dama take. Mai Madubi ya ce to ai shi daga bayan kyamara yake tsayawa, damar Kafinta ita ce hagunsa. Na nemi in zare ƙusar in tafi da ita, Kawu ya buge mini hannu ya ce in bar ta inda take.

Rana ta yi ja a kan duwatsun lokacin da muka sauko. Mai Madubi ya rako mu har gada, ya tsallako tare da mu, ya ce tun da ya zo nan bari ya ƙarasa kasuwa ya ga inda Kafinta ya koma da rumfarsa. Suka shiga gaba suna ci gaba da musun hagu da dama, ni kuma na bi su a baya ina ɗingishi.